Tsohuwar Libarba a Akwatin Gado: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Ranar rabon gado aka fi cin karo da ita. An gama lissafin gona da dabbobi, sai a jawo akwatin ƙarfen marigayi daga ƙuryar ɗaki, a ɗaga tsofaffin riguna da takardun haraji, a tarar da wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma: ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa, wadda tsofaffi ke kira libarba. A ƙasar Kankiya da Kusada, kamar sauran sassan Katsina, gidan da ya taɓa riƙe sarauta ko ya ba da soja a zamanin Turawa, nan ne irin wannan abu ya fi ɓullowa. Kafin la'asar magana ta kai majalisa. Wani ya ce tun jihadi take. Wani ya ce akwai Baturen da zai biya miliyoyi a kanta. Wani ya ce ƙarfen da ne, ko yau aka sa mata harsashi sai ta tashi. Wani kuma ya rufe da cewa kayan tarihi ne, babu ruwan hukuma. Kowace magana tana da ɗan gefen da ya taɓa gaskiya, shi ya sa ake saurin yarda. Amma a cikinsu akwai wadda za ta iya cinye wa mutum yatsu, akwai kuma wadda za ta iya kai shi gidan yari.

Maganar jihadi ita ce mafi sauƙin warwarewa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, Katsina kuwa ta shiga hannun Malam Umarun Dallaji wajen 1807. Libarba irin wadda muka sani ba ta samu ba sai da Samuel Colt na Amurka ya karɓi takardar mallakar fasaharta a 1836, kuma ta farkon ma ta gaba ake ɗura wa gangarta albarushi da dalma. Wadda ake zura wa harsashi mai kwanso ta baya, kamfanin Smith & Wesson ne ya fara fitar da ita kasuwa a Amurka a 1857. Ke nan duk libarbar da ke cin harsashi mai kwanso, kusan shekara 50 ko fiye ke tsakaninta da jihadi. Mayaƙan wancan lokaci takobi da mashi da kwari da baka suka dogara da su. Gefen gaskiyar maganar shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 bindigogin Turai sun riƙa shigowa ƙasar Hausa ta hanyar fataken Sahara da kuma ta bakin teku. Don haka ba abin mamaki ba ne a sami wadda ta riga zuwan Lugga Katsina a 1903. Amma mafi yawa bayan nan suka zo, a ɗamarar hafsoshin Turawa.

To yaya za a gane shekarunta? Kamar yadda dillalin shanu ba ya tambayar mai sa shekarunsa sai dai ya buɗe baki ya duba haƙora, haka ita ma: shekarunta suna rubuce a jikinta. Ba sai an kankare komai ba. A kai ta inda haske yake, a karkata ta, a duba gefen jiki, da saman bakin, da bayan gangar.

Idan irin wadda ake karyawa ce a tsakiya, bakin ya sunkuya ƙasa, wani ɗan ƙarfe mai kama da tauraro ya turo kwanson harsasai shida waje, to galibi Webley ce ko Enfield, ta sojan Ingila. Sojan Ingila ya ɗauki Webley ta farko a 1887. Mai rubutun Mark IV da harsashi mai lamba .455 ta 1899 ce zuwa sama, Mark V ta 1913, Mark VI kuma ta 1915, kuma a wannan ta ƙarshe akan buga shekarar ƙira a gefen jiki. Enfield mai harsashi .38 ta shigo a farkon shekarun 1930. In aka ga ba ta da ɗan kunnen nan na baya da ake ja da babban yatsa, to daga 1938 ne zuwa sama. Akwai kuma Webley mai .38 da aka buga wa WAR FINISH: wannan ta zamanin yaƙin Hitila ce, yaƙin da ya kai 'yan Arewa Habasha da Bama. Alamar kibiya mai yatsu uku tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. Kibiya biyu baki da baki kuwa na nufin soja ya sayar da ita ta fita daga hannunsa.

Mu da ke makwabtaka da Maraɗi dole mu san ta Faransa ma. Libarbar sojansu ta 1892, ƙirar garin Saint-Étienne, gangarta gefen dama take buɗewa, kuma a jikin bakin akwai harafin S tare da shekarar da aka yi shi. In kuwa an ga haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, to a birnin Liege na Beljiyam aka gwada ta, inda aka ƙera ɗimbin libarba masu araha don kasuwannin duniya. In akwai kambi a saman da'irar, daga 1893 ne zuwa sama. Hatimin BNP da kambi na gidan gwajin bindigogi na Birmingham bai fara ba sai 1954, don haka bindigar da ke ɗauke da shi ta bi ta gidan gwajin nan ne a shekarar ko bayanta, ko da ƙirarta ta girmi haka.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne lambar shekara. Ba kowace shekara da aka gani a jikin ƙarfe ce shekarar ƙira ba. A bindigogin Amurka, shekarar da ke bin kalmar PAT ko PATENT ta rajistar fasaha ce. Libarbar Colt da ta fito a 1873 ta yi shekaru aru-aru ana buga mata 1871. Abin da irin wannan lamba ke faɗi kawai shi ne bindigar ba ta girmi shekarar ba. Sannan hatimi kansa ana yin jabunsa. Maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan sun shahara wajen kwaikwayon bindigogin Ingila har da tambarinsu, amma sukan yi tuntuɓe: a ga harafi a juye, ko a ga haruffan VR na Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun shekarar ta rasu. Ƙirar maƙeranmu na gida ma tsatsa kan sa ta yi kama da ta shekara ɗari. Sawun zarto da tabon walda da haruffan da ba su hau layi ɗaya ba su ke tona ta.

Sai batun miliyoyi. Gaskiya ne an taɓa sayar da libarba da kuɗi mai ban tsoro. A 2018 an yi gwanjon wata Colt Walker ta 1847 a Amurka a kan dala miliyan 1.84. Amma kusan 1,100 kacal aka taɓa ƙerawa irinta, kuma wannan ɗin tana cikin akwatinta na asali da takardar shaida. Webley Mark VI kuwa an ƙera ta dubbai ɗaruruwa, ta cika kasuwar masu tara kayan da a Turai da Amurka. Mai tsatsa, mai fasasshiyar ƙota, wadda ba ta da takardar da ke nuna wanda ya riƙe ta, ba abin da za su waiwaya ba ce. Wanda kuma ya sa takardar yashi ko toka ya goge ta don ta yi ƙyalli, ya share hatiman da su ne kaɗai shaidarta. Duk wanda ya zo da labarin wani mai saye a Legas ko Kwatano, ya ce a ba da kuɗin gwaji ko na mota tukuna, ɗan damfara ne. Haka mai cewa akwai jan makuri a cikin tsohon ƙarfe. Babu wani abu wai shi jan makuri mai wannan daraja. Irin ƙaryar ce ta sa mutanen Saudiyya rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a 2009. Iyakar gaskiyar da ke ciki ita ce a gindin tsofaffin harsasai akan sa ɗan sinadari mai makuri don tayar da wuta, kuma wannan guba ne, ba dukiya ba.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙarfen da ba ya tsufa. Ƙirar tana da kyau a zamaninta, wannan ba a musu. Amma yawancin libarbar ƙarni na 19 don baƙin albarushi aka yi su. Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille na Faransa ya samar a 1884, bugunsa ya fi ƙarfi nesa, shi ya sa ma Webley ta ƙara wa gangarta kauri a 1913. A ɗora a kan haka damina saba'in ko ɗari a ɗakin ƙasa. Tsatsa takan ci ramukan ganga ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Ɗan ƙarfen da ke tsayar da ganga daidai da bakin ya lalace, sai harsashi ya bugi gefe, ɓarɓashin dalma ya watso wa mai harbi da na kusa da shi. Harsashin da ya shiga rami ba lallai ne nata ba, shiga daban, dacewa daban. Tsohon harsashi kuma yakan yi shiru bayan an ja kunama, ya tashi sa'ad da mutum ya juyo da bakin yana leƙawa. Kuma kada a ɗauka babu komai a ciki don ta daɗe a ajiye. Tsofaffi da yawa a ɗure suke ajiye makami.

Game da doka, waɗanda ke cewa tsufa na wanke bindiga sun ji labarin wata ƙasa ne. A Amurka, wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana ɗaukarta kayan tarihi a dokar tarayya. Nijeriya ba haka take ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Adaka da sauran bindigogin ɗure ta baki irin na mafarauta suna rukuni mafi sauƙi, bindigar harbin tsuntsu tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, libarba da fistol kuwa suna cikin haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar ta ambaci har tsofaffin fistol masu ƙanƙara a wannan rukuni, don kada wani ya fake da tsufa. Hukuncin mallaka ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Lasisin da kaka ya samu a zamanin Di'o nasa ne, ba ya shiga gado. Gaskiya ne a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen yankunan da 'yan bindiga suka addaba da su tashi su kare kansu, kuma duk wanda ya san halin da Katsina ta shiga ya san abin da ya kawo maganar. Amma kiran gwamna bai canza doka ba, domin tsarin mulki ya bar sha'anin makamai a hannun tarayya kaɗai.

Abin da ke da daraja a wannan ƙarfe labarinsa ne, kuma shi ne muke bari ya salwanta. Kafin tsohuwar gidan da ta san zancen ta tafi, a zauna da ita: wane ne ya kawo ta, wace shekara, wane aiki ya yi, a ƙarƙashin wane hakimi? A rubuta. A ɗauki hoton kowane hatimi ba tare da an taɓa kunama ba, kuma ban da ɗora hoton a Facebook ko WhatsApp. A kulle ta inda yaro ba zai kai ba. Kada a sa ta a aljihu a hau babur zuwa caji ofis, domin a shingen bincike na hanyar Kano zuwa Katsina ba wanda zai tsaya jin tarihin kaka. A sanar da mai unguwa da dagaci, su kai maganar ga hakimi da baturen 'yan sanda na yankin, a zo a ɗauka a gaban shaidu, a karɓi takarda a rubuce. In hatiman sun nuna ta zamanin Turawa ce ko kafin nan, iyali su nemi a sanar da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko za a ajiye ta can da sunan mai ita.