Rigar Ruwan Da Ta Dace Da Maharbi

Farautar gayya ta rani ce. Sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan ake kaɗa ganga a fita da karnuka. Amma ba kowane maharbi ne ke rataye bindiga idan ruwa ya sauka ba. Akwai mai bin gadu da birai da suka addabi gonarsa, akwai mai fita da dare da fitila a goshi, akwai kuma mafarautan da aikin tsaron ƙauyuka ya sa a 'yan shekarun nan suke kwana a daji ko da a tsakiyar Agusta ne, lokacin da marka kan wuni ta kwana ba ta ɗauke ba. Duk waɗannan dole su yi shirin ruwa, kuma akasarinsu rigar ledar nan ta 'yan acaɓa suke saya, don ita ce a kasuwa, ita ce kuma mai sauƙin kuɗi.

Ga ɗan acaɓa rigar ta yi. A zaune yake, iska na kaɗa shi, kuma babu wanda zai gudu don ya ji motsinsa. Maharbi kuwa tafiya yake yi, ya hau tudu ya gangara fadama, ya durƙusa, ya yi rarrafe. Leda ba ta barin ruwa ya shiga, haka nan ba ta barin gumi ya fita. Kafin ya yi tafiyar rabin awa, rigarsa ta ciki ta yi sharkaf, sai ya ɗauka ledar ce ke yoyo, alhali zufarsa ce. A daminarmu mai ɗumi, wannan ce babbar matsala, kuma tsohuwa ce. Tun 1823 da Charles Macintosh, mutumin Sikotilan, ya yi rajistar dabarar saka roba tsakanin ƙyalle biyu, masu sa rigarsa ke kukan zafi da wari.

Turawa sun daɗe suna neman mafita. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano yadda ake miƙe wani sinadari ya zama siririn fata mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin jiki na iya fita. Daga nan aka sami yadin Gore-Tex, wasu kamfanoni kuma suka yi nasu. Irin waɗannan riguna kan faɗo cikin dilar gwanjo, kuma duk wanda ya tsinci mai lafiya ya yi sa'a. Sai dai kada a ɗora musu buri fiye da kima. Tururi yana fita ne idan iskar waje ta fi ta cikin riga sanyi da bushewa. A duwatsun Turai haka abin yake. A fadamar Haɗeja kuwa, ranar da iska ta cika da laima kuma gari ya yi zafi, ciki da waje kusan ɗaya ne, don haka yadin mai tsada ma sai ya jiƙa mai shi. A tsaunukan Jos da Mambila, inda ruwa ke zuwa da sanyi, nan ne kuɗin ke biyan kansa.

Ni a ganina kakanninmu sun fi mu fahimtar wannan. Kabidon da ake saƙawa da kaba, da malafa mai faɗin baki, ba sa manne wa jiki. Ruwa ya zubo ya gangare, iska kuma ta shiga ta ƙasa. Ba ina cewa a koma kabido ba, don ba ya shiga sarƙaƙiya kuma masu saƙa shi sun yi ƙaranci. Abin ɗauka shi ne sakin jiki. Riga mai yalwa, mai zif a hammata ko tsagu a baya, ta fi matsattsiya komai sunan kamfaninta. Irin mayafin ruwan nan na sojoji, mai huda a tsakiya inda ake zura kai, yana da wannan fa'ida, ga shi yana rufe jaka da gindin bindiga, in dare ya yi kuma a ɗaure shi tsakanin itatuwa biyu ya zama rumfa. Aibinsa ƙaya na kama shi, iska kuma na wasa da shi, sai an ɗaure ƙugu da igiya.

Sai batun ƙara, wanda mai shago ba zai taɓa ambata maka ba. Gada da zomo da kunne suke tsira. Leda mai ƙarfi kuwa duk taku sai ta yi ƙwaram-ƙwaram, in ciyawa ta goge ta a ji daga nesa. Gwajin ba wuya: ka sa rigar a shagon, ka goga hannu da hannu, ka ɗaga kafaɗa kamar za ka auna, ka durƙusa. In ka ji ta, naman daji ya riga ka ji. Yadi mai laushi wanda bayansa ke da ɗan gashi-gashi ya fi shiru, ko da yake yana shan ruwa ya yi nauyi, kuma ƙarangiya na son sa. Hular rigar ma a duba ta. Wadda ta yi zurfi tana toshe kunne ta tare gefen ido, kuma mutumin da ba ya ji ba ya gani a daji ya zama abin farauta shi ma. Da yawa sun gwammace su bar hular a baya su kafa malafa.

Launi bai kai ƙara muhimmanci ba. Dabbobi irin su gada da barewa ba sa rarrabe ja da kore yadda mutum ke yi. Motsi da ƙyalli suke kamawa. Shi ya sa a jihohi da dama na Amurka doka ta tilasta wa masu farautar barewa sa riga ruwan lemo mai haske, don kada ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa. Tsuntsu daban ne, zabo da fakara suna ganin launi sarai. Abin gudu dai shi ne leda mai walƙiya. Rigar da ta yi kama da kakin soja kuma a yi hattara da ita, don a halin da dazuzzukanmu ke ciki tana iya jawo wa mutum tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Wani lokaci za ka ga an rubuta lamba a jikin riga, kamar 5,000 ko 10,000 ko 20,000, da alamar milimita. Tsawon ruwan da aka tsayar cikin bututu a kan yadin ne kafin ya fara tsatsafowa. 10,000 na nufin mita goma. Mai tsayuwa kawai ƙaramar lamba ta ishe shi, amma gwiwar da ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kafaɗar da maɗaurin jaka ya danne suna tura ruwa ciki da ƙarfi, don haka maharbi ya nemi 10,000 zuwa sama. Duk da haka, ba ta yadi riga ta fi yoyo ba, ta ɗinki ne. Juya ta ciki ka ga ko an liƙe kowane ɗinki da siririn tef. In ta gwanjo ce, ɗaga ta ga rana ka nemi huda, ka shafa cikinta. In yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin rogo, rufin ya mutu, ajiye musu abinsu. Araha ba ta ado.

Abin da ke ƙarƙashin rigar ma abin lura ne. Auduga tana riƙe ruwa, ruwa kuma yana janye ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Wanda ya jiƙe da yamma, ya zauna kwanton ɓauna har asuba iska na bugunsa, zai iya kaiwa ga makyarkyata da ruɗewa ko da a ƙasar zafi ne. Rigar 'yan ƙwallo ta fi saurin bushewa. A kuma ƙulle busasshiyar riga ɗaya cikin leda a jaka, ba a taɓa ta sai an tsaya.

Da za a ce kuɗin mutum na abu ɗaya ne, ni takalmi zan ce ya saya kafin riga. Damina lokacin macizai ne, ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya kore su daga ramuka. Kububuwa, wadda ta sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar sara, ƙarama ce, kuma a ƙafa da idon sawu ta fi samun mutane. Dogon takalmin roba mai kaiwa kusa da gwiwa yana rage wannan haɗari sosai. A sa shi da safa, a zazzage shi kowace safiya saboda kunama, a kuma bar ƙafar wando ta sauko a kansa don kada ruwan riga ya zuba ciki.

Makami shi ma yana bukatar tasa rigar. Tsirkiyar baka ta fata tana saki idan ta jiƙe. Albarushi kuma akwai wani gishiri a cikinsa mai narkewa a ruwa, don haka a zuba shi a gorar roba mai murfi, a rufe bakin bindiga da ɗan tef ko leda marar kauri. Albarushin da ya sha laima yana iya jinkirin tashi: ka ja kunama shiru, sai bayan ɗan lokaci ya fashe. In haka ta faru, a bar bakin yana kallon inda babu kowa, kada a leƙa ciki. Bindigar da ta soki laka kuwa ba a harba ta sai an zuge, don tana iya tsagewa a hannu.

Ɗan'uwa maharbi, ka sani babu rigar ruwa ko takalmin roba da ke tare tsawa. In hadari ya fara rugugi, sauka daga kan tudu, nisanci doguwar itaciyar da ke tsaye ita kaɗai, ka ajiye bindiga gefe har ya wuce.