Yadda Ake Gwada Sensar Oksijin ta Baya da Osiloskop

Wutar check engine ta kama, an jona kwamfuta, sai makaniki ya ce a sayo sabuwar sensar oksijin. Kafin ka fitar da kuɗi, ka sani lambar da kwamfuta ta nuna alama ce kawai. Osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wutar lantarki a kan allo, shi zai nuna maka ko sensar ce ta mutu ko kuwa matsalar tana wani waje.

Mene ne aikin sensar baya?

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da tsarin OBD-II, kuma da yawa daga cikin tokunbon da muke hawa daga can suke. A motar fetur irin wannan akwai sensa kafin katalis, wato abin da makanikai ke kira indomi, akwai kuma wata a bayansa. Ta gaba tana taimaka wa kwamfutar mota wajen daidaita fetur da iska. Babban aikin ta baya shi ne sa ido a kan katalis.

Sensar tana ba da wuta tsakanin volt 0.1 da 0.9. Idan ta yi ƙasa, iska ta yi yawa a hayaƙin. Idan ta yi sama, fetur ne ya rinjaya. Ba ta aiki sai zafinta ya kai kusan digiri 300, shi ya sa aka saka mata hita a ciki.

Yadda za ka jona

Yawanci wayoyi huɗu ne: biyu na hita, ɗaya na sigina, ɗaya na at. A sensar Bosch baƙi ne na sigina, a Denso ta Toyota kuwa galibi shuɗi ne, don haka ka duba zanen wayoyin motarka. Zura siririyar allura ta bayan soket, kada ka huda robar waya. Saita osiloskop a DC, daga 0 zuwa volt 1, kowane layi daƙiƙa ɗaya. Yi gwajin a fili saboda gubar hayaƙi, kuma ka kiyayi zafin salansa.

Abin da zanen ke faɗa

Bari injin ya ɗau zafi sosai, sannan ka riƙe totur a kan 2,500.

Idan layin ya kwanta tsakanin volt 0.5 da 0.8 yana ɗan motsi kaɗan, katalis na aikinsa.

Idan yana hawa da sauka da sauri daga ƙasa zuwa sama, sensar lafiyarta ƙalau. Katalis ɗin ne ya gaji ko an kwashe shi, kuma a nan ake ganin lambar P0420. Sabuwar sensa ba za ta kashe wutar ba.

Idan layin ya maƙale wuri guda, sai ka tsokane shi. Taka totur da ƙarfi sau biyu ko uku, ya kamata ya haura 0.8. Saki ƙafa gaba ɗaya, kwamfuta za ta yanke fetur na ɗan lokaci, sai ya faɗo ƙasa da 0.2. In bai motsa ba, ko ya yi nawa sosai, zargi ya koma kan sensar ko wayoyinta, kamar yadda lambobin P0139 da P0140 ke nunawa. P0141 kuwa ta hita ce, fara da duba fiyus.

Kada ka manta da yoyon salansa. Ƙaramin rami kafin sensar yana jawo iska daga waje, sai wutar ta zauna ƙasa a ga kamar sensar ce ta lalace.

Idan ba ka da osiloskop

Na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque za su zana maka wutar a wayarka ta Android. Nemi bank 1 sensor 2. Ba ta kai osiloskop sauri ba, kuma abin da kwamfutar mota ta gani kawai take nunawa, amma ta isa ta raba maka layin da ya kwanta da mai tsalle kafin ka biya kuɗin kayan gyara.