Kafin Ki Sayar Da Tasar Kakarki: Tunawa Da Baba Mai Tsofaffin Kaya

Yau shirin namu na tunawa ne da wani dattijo da ya riƙe hannuna a sana'ar adon ɗaki, Allah Ya jiƙansa. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Baba muke ce masa. Sana'arsa saye da sayar da tsofaffin kayan gargajiya.

To, yaya wannan sana'a take? Baba yakan tashi daga Bebeji ya shiga ƙauyukan Ƙiru, ko ya bi ta Kwanar Dangora ya gangara Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har Doguwa. Abin da yake nema shi ne kayan jeren iyayenmu: akushi, tasar tagulla, kwalla, fanteka, adudu, faifai, gwado saƙar hannu. Wasu ya kai Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wasu ya ajiye wa masu so.

Ku lura fa, adon ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jere sunansa. Matan da ke jera kwalla kan kwalla har su kusa taɓa rufi, sun san tsari da dacewar launi tun kafin mu fara kallon hotuna a Instagram.

Ni da na fara, daga ni sai waya da sha'awa, ba jari. Baba ya yi min abu uku.

Na farko, ya ba ni kaya bashi, ba takarda ba shaida. Yakan ce, "'Yata, ɗauki ki yi aikinki, in an biya ki kya kawo." Da haka na ƙawata falon farko da aka biya ni, da akusa biyu da faya-fayai a bango.

Na biyu, ya koya min ido. Tsohuwar tasar da aka ƙera da hannu, in kin juya ta za ki ga sawun guduma, kuma ta fi ta yanzu nauyi. Akushin da aka ci tuwo a cikinsa shekara da shekaru, bakinsa ya siɗe, cikinsa na sheƙi saboda miya da man shanu. Wanda aka shafa wa baƙi jiya kuwa, da kin goga zai bar miki shaida a yatsa. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke ma ba ta yarwa ba ce, ɗinkin nan shi ne adonta.

Na uku, ya nuna min iyaka. Akwai kayan da ba na ciniki ba: abin da aka tono a ƙasa, kayan fada, tsofaffin rubuce-rubucen malamai. Tun 1979 Najeriya ke da dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi, kuma fitar da kayan tarihi waje ba da izininta ba laifi ne. In irin wannan ya faɗo hannunsa, sai ya ce a nemi mutanen Gidan Makama.

Ga abin da ke damuna yanzu. Dattawa irin su Baba suna ƙarewa, su kuma 'yan gwangwan kullum suna ƙofar gida da sikeli. Su ba ruwansu da shekarun tasa, kilo suke saye, daga nan sai narkawa. Abin da kaka ta kawo gidan miji ranar aurenta, a ba ka kuɗin kati, shi ke nan ya tafi har abada.

Don haka in an zo rabon gado ko gyaran ɗakin tsohuwa, don Allah ku dakata. Ku ɗauki hoto, ku tambayi manya tarihin kayan, ku nuna wa wanda ya san darajarsu. In da hali ku bar ko guda ɗaya a gida.

Ku kuma masu sana'a da Allah Ya ɗaga, ku duba yaran da ke tasowa. Ba lallai sai kuɗi ba, amana da ilimi ma jari ne.

Allah Ya kai haske kabarin Baba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.