Faifan Ɗanɗano Ba Juji Ba Ne

Na gaji da jin wata magana daga bakin wasu matasanmu masu sauraron kiɗan rock na Turawa. Da sun ci karo da tsohon faifai mai ɗauke da ƙungiyoyi goma ko ashirin, kowace da waƙa ɗaya, sai su taɓe baki su ce tarkace ne, wai ragowar da ta kasa shiga kasuwa aka tattara. Wani ma cewa yake aikin ɓarayin fasaha ne. Hujjarsu ɗaya ce: araha ba ta ado.

Abin da ake nufi ba shi da wuya. Kamfanin waƙa ne ke zaɓo waƙa ɗaiɗai daga mawaƙan da ke ƙarƙashinsa, ya haɗa wuri guda ya fitar, kamar yankan da mai kilishi ke miƙo maka kafin ciniki. To wane mai kilishi ne zai ba ka ɗanɗano daga wanda ya lalace?

Ƙananan kamfanonin alternative rock na shekarun 1980 ba su da kuɗin talla, manyan gidajen rediyo kuma ba sa kula su. Faifan nan shi ne bakinsu. A 1982 kamfanin Cherry Red na Landan ya fitar da Pillows & Prayers, ya rubuta a bangonsa kada mai saye ya biya sama da fene 99, wato fam ɗaya ma bai cika ba. A cikinsa akwai Felt da Everything But The Girl. Da gangan aka karya farashin, domin ɗalibi mai 'yan canji a aljihu ya yarda ya gwada sunan da bai taɓa ji ba.

Wasu ma ba su nemi araha ba sam. A 1987 kamfanin 4AD ya fitar da Lonely Is an Eyesore, da Cocteau Twins da Dead Can Dance da Throwing Muses, har da bidiyon waƙoƙin. A Disamban 1988 Bruce Pavitt da Jonathan Poneman na kamfanin Sub Pop, a birnin Seattle na Amurka, suka zuba waƙoƙi 20 a faya-fayai uku cikin akwati, kwafi 5,000 kacal, da ɗan littafin hotunan Charles Peterson. Sunansa Sub Pop 200. Soundgarden na ciki, Mudhoney na ciki, haka ma wata ƙungiya da ko kundi ɗaya ba ta da shi a lokacin, Nirvana, da waƙarta "Spank Thru". Sai a 1989 ta fitar da Bleach, Nevermind kuwa sai 1991. Wannan ne jujin? Haba jama'a! Mutum bai saurara ba, bai bincika ba, amma ya fi kowa saurin yanke hukunci.

Gaskiya dai ba kowace waƙa ce ta burge ba, kuma kamfani ribarsa yake hange. Intanet ce ta rage wa irin waɗannan faya-fayai kasuwa daga baya. Jerin Punk-O-Rama na kamfanin Epitaph da aka fara a 1994 ya tsaya a na goma, a 2005.

Idan irin wannan faifai ya faɗo hannunka, juya bayansa tukuna. Nemi sunan kamfani, da lambar da ya ba faifan, da shekara. Na gaske ba ya rasa su, kuma yawanci yakan nuna kundin da aka ciro kowace waƙa, ko ya ce ba a taɓa fitar da ita ba. Haɗin da wani ya kwaso daga kamfanoni barkatai ba izinin kowa, ya tura maka a waya, wannan sata ce, kada a laƙaba masa sunan talla. Saurara daga farko zuwa ƙarshe yadda aka jera, ka daina tsallakewa zuwa sunan da ka sani, domin waɗanda ba ka sani ba su aka yi faifan dominsu. Wadda ta kama ka, rubuta sunan ƙungiyar ka nemi cikakken kundinta ta halastacciyar hanya. Sub Pop da 4AD da Epitaph duk suna nan suna aiki har yau.