Dabinon Kaka Bai Mutu Ba

Duk ɗalibin da ya yi darasin Bayoloji ya san lambun tsirrai wuri ne da ake tara itatuwa iri-iri, a rubuta wa kowanne sunansa, domin nazari da adana iri. Amma akwai lambun da rashin masoyi ya taimaka wajen kafa shi.

A Landan akwai Lambun Kew, wanda ya yi suna a duniya. Yarima Frederick na Ingila mutum ne mai son shuke-shuke, har ya fara gyara filin Kew, sai ajali ya riske shi a 1751 yana ɗan shekara 44. Matarsa, Gimbiya Augusta, ba ta bar aikin ya bi shi kabari ba. A 1759 ta kafa lambun tsirrai mai faɗin eka tara a wurin. Yau ya haura eka 300, kuma a 2003 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ba sai mun je Ingila ba kafin mu ga irin wannan. Nan Dutse, garin dabino, akwai tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR, inda ake adana nau'o'insa domin kada su ɓace. Aikin da ake yi can yana da darasi ga duk wanda ya yi rashi.

Dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ce ke 'ya'ya bayan an yi mata barbara da furen namiji. Idan ka shuka ƙwallo, ba za ka san namiji ne ko mace ba sai ya yi fure bayan shekaru, kuma ɗanɗanonsa zai iya bambanta da na uwarsa. Amma idan aka cire ɗan da ke tsirowa a gindin uwar aka dasa, zai fito daidai da ita, jinsi ɗaya, zaƙi ɗaya.

Ka duba abin da wannan ke nufi. Dabinon da kakanka ya dasa, wanda yake tsinko maka kana ƙarami, ko ya tsufa ya faɗi, za ka iya ci gaba da cin irinsa sak, muddin an dasa ɗansa tun da sauran lokaci. Dabino kan kai shekara ɗari, don haka jikokinka ma za su ɗanɗana.

Malamai sun karantar da mu cewa duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Shi ya sa dasa itace da niyyar lada ga mamaci yake sanyaya zuciya: ga addu'a, ga kuma abin yi da hannu.

Idan kun rasa ɗan ajinku ko malaminku, ku nemi izinin shugaban makaranta ku ware ɗan fili. Ku dasa da farkon damina, ku kewaye da ƙaya saboda awaki, ku raba kwanakin ban ruwa, musamman da bazara. Kafin ku gama makaranta, ku damƙa amanar ga 'yan aji ɗaya, ku kuma faɗa musu sunan wanda aka dasa dominsa.