Bayan an tashi daga zaman makoki: gwauraye da marayu a gidajen Kiristan ƙasar Gobir

Wannan shiri na musamman zai duba yadda iyalan Kirista Hausawa na ƙasar Gobir suke ɗaukar rashi, da kuma wanda nauyin gwauruwa da marayu yake komawa kansa idan 'yan gaisuwa sun watse.

Ƙasar Gobir, kamar yadda masana tarihi suka sani, iyakar Turawa ta raba ta gida biyu. Kamarawa da Isa da Sabon Birni suna ɓangaren Najeriya, inda kufan Alƙalawa yake, wato babban birnin da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, yayin da Tsibiri, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, take ɓangaren Nijar kusa da Maraɗi. Gulbin Maraɗi ya ratsa ɓangarorin biyu, haka ma aure da kasuwa da zumunci. Kusan dukan mutanen yankin Musulmi ne, amma a ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin SIM ya buɗe tasha a Tsibiri, sannan ya karɓi kulawar asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato a shekarun 1930, ya buɗe asibitin Galmi a 1950 da na Danja a 1956. Daga waɗannan wurare ne ƙananan ikilisiyoyi masu sujada da Hausa suka tsiro, kuma da yawa daga cikin mutanensu na farko majinyata ne da marayu da waɗanda suka yi nisa da danginsu, abin da ya sa tun asali ikilisiya, wato taron masu bi, ta zama musu madadin dangi. A Najeriya waɗannan ikilisiyoyi sun shiga ECWA, wadda aka kafa a 1954, a Nijar kuma suka zama EERN.

Rashi ba baƙo ba ne a wannan yanki. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma yara 187 cikin kowane 1,000 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, alhali a ƙasar baki ɗaya adadin 132 ne. Tun da daɗewa Bahaushe yana da sunan wabi ga matar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere, yana kuma raɗa wa wanda ya biyo baya suna irin Ajuji domin a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. A kan wannan tsohon ciwo ne ta'asar 'yan bindiga ta sauka. Daga 2019 dubban mutanen Isa da Sabon Birni sun tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Mafi yawan waɗanda wannan masifa ta shafa Musulmi ne, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka, sai dai maza magidanta da take ɗauka, a gona ko a hanyar kasuwa, suna barin mata da yara a kowane irin gida.

A kwanakin farko na rasuwa, baƙo zai yi wuya ya bambanta gidan Kirista da na maƙwabcinsa. Maza suna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, mata suna ciki, maƙwabta suna aiko da abinci domin ba a ɗora tukunya a gidan makoki, kuma mai shigowa yana tambaya, "Ya haƙuri?" Bambancin yana bayyana ne a addu'a da kuma a wa'azi. Mai bi yakan ce wa wanda aka yi wa rashi, "Ubangiji ya ta'azantar da ku," a kuma ce mamaci ya yi barci cikin Ubangiji, domin koyarwar tashin matattu ta sa ana ɗaukar mutuwa a matsayin rabuwa mai iyaka. Ikilisiyoyin bishara, irin su ECWA da EERN, ba sa yin sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, tun da ba su yarda cewa addu'ar masu rai tana sauya makomar mamaci ba, don haka sujadarsu ta godiya ce da ƙarfafa waɗanda suka rage. Katolika kuwa suna yi wa matattu addu'a, har sun keɓe ranar 2 ga Nuwamba domin haka. Fastoci sukan tuna wa iyaye labarin Dauda, wanda ya yi azumi yana roƙo muddin jaririnsa yana da rai, da yaron ya rasu kuma ya tashi ya yi wanka ya yi sujada, sukan kuma tuna cewa Bisharar Yohanna ta nuna Yesu yana hawaye a kabarin Li'azaru. Wannan tunatarwa tana da muhimmanci a al'adar da kunya take hana uwa nuna ƙaunar ɗanta na fari ko da ranar binne shi ne.

Amma babbar jarrabawa tana zuwa ne bayan an naɗe tabarmi. A gidan Musulmi akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya: mace ta yi takaba, wato zaman wata huɗu da kwana goma, sannan ta fito zawarci, kuma sau da yawa takan sami wanda zai aure ta ta zama ta biyu ko ta uku. Ikilisiya ba ta da ƙayyadadden lokacin takaba, kuma koyarwarta ta mace ɗaya ga miji ɗaya ta rufe ƙofar kishiya. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti ta ba da shawarar cewa gwauraye masu ƙuruciya su sake aure, ikilisiya kuma ta ɗauki nauyin waɗanda suka kai shekara 60 ba su da mai kula da su, sai dai a jama'ar da ba ta wuce gidaje kaɗan ba, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu ko biyar tana iya shekaru ba ta ga mai neman aurenta ba. Daga nan matsi yake tasowa: ko ta zauna ita kaɗai tana sana'ar ƙuli-ƙuli ko aikatau, ko ta amsa kiran dangi ta koma gida ta yi auren da zai iya raba ta da bangaskiyarta.

Batun yara ya fi wannan sarƙaƙiya. A al'adar Hausa 'ya'ya na gidan uba ne, kuma riƙo, wato ɗaukar ɗan ɗan'uwa a rene shi, shi ne inshorar maraya tun kafin zuwan kowace hukuma. Idan baffanni ba su tarayya da mamaci a addini, riƙon da aka yi da kyakkyawar niyya yakan zama sanadin saɓani, domin uwa tana son yaro ya tashi a makarantar Lahadi, baffa kuma yana ganin haƙƙinsa ne ya kai shi makarantar allo. Ga kuma gado, inda fiƙihun Malikiyya bai yarda da gado tsakanin mabiya addinai daban ba, don haka gonar kaka tana iya tsallake ɗan da ya zama Kirista, ta bar marayunsa ba su da inda za su kafa garma.

A nan ne Zumuntar Mata take aikin da ba a cika yi masa shela ba. Wannan ƙungiya ta matan aure a cikin ikilisiya ita ce take kwana a gidan makoki, ita ce take tara hatsi da sabulu da kuɗin makaranta, ita ce kuma take ci gaba da ziyara idan kowa ya koma harkarsa. Duk da haka, ba daidai ba ne dattawan ikilisiya su jingine dukan nauyin a kan mata waɗanda su ma da ƙyar suke ciyar da gidajensu. Wasiƙar Yakubu ta auna sahihancin addini da kulawar marayu da gwauraye, kuma wannan ma'auni bai tsaya ga wa'azin ranar jana'iza ba.

Saboda haka kiran wannan shiri ga fastoci da dattawa shi ne su ware wani kaso sananne na baiko domin gwauraye, su ƙarfafa magidanta su rubuta wasiyya a gaban shaidu tun suna da lafiya, su kuma zauna da baffannin marayu cikin girmamawa kafin a kai ga jayayya. Ga maƙwabta Musulmi da masu unguwanni kuwa, a Kamarawa ko a Tsibiri, roƙon shi ne idan ana rabon tallafi ga waɗanda rikici ya mayar marayu, a duba kowane gida ba tare da tambayar inda yake ibada ba.