Me ke hana ƴan makaranta barci?

Duk malamin da ya taɓa shiga aji a kolej ko a lise da ƙarfe 8 na safe, a Maraɗi ne ko a Damagaram, ya san abin da za mu faɗa. Kafin ya gama rubuta kwanan wata a allo, layin baya ya fara gyangyaɗi. Wani ya tallabe haɓa, wata ta kifa kai bisa tebur, saura kuwa idanu na buɗe amma hankali ya yi nisa. Hukuncin da aka saba yankewa guda ne: yaran zamani malalata ne. To, likitocin da suka duƙufa ga binciken barci ba su yarda da wannan hukunci ba, kuma hujjojinsu sun cancanci iyaye da malamai su saurara.

A shekara ta 2016, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ƙayyade cewa yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Sai mu yi lissafi da namu yaran. Saurayin da ya baro fada da ƙarfe 12 na dare, aka tashe shi sallar asuba wajen ƙarfe 5, awa 5 ya samu, in ma ya samu. Ke nan kowane dare jikinsa na bin sa bashin awa 3, daga Litinin zuwa Juma'a kuwa bashin ya kai awa 15.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, balaga kanta tana sake lokacin barci. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, ana ce da shi melatonin, shi ne ke sanar da jiki cewa dare ya yi. Wata masaniya ta jami'ar Brown a Amurka, Mary Carskadon, ta nuna tare da abokan aikinta tun cikin shekarun 1990 cewa da zarar yaro ya fara balaga, wannan agogo na cikin jiki yana ja baya. Yaron da a da yake ɓingirewa bayan lisha, yanzu sai ya kai ƙarfe 11 idonsa biyu, ko da an kashe fitila an rufe ƙofa. Da safe kuma, lokacin da uba ke buga masa ƙofa, jikinsa na cikin tsakiyar darensa. Wannan halitta ce, kuma tana daidaita da kanta bayan an haura shekara 20.

Amma halitta ba ita kaɗai ke da laifi ba. Mu duba fada. Tun cikin shekarun 1990 fadodin samari suka cika unguwannin biranenmu, kuma ba mai musun amfaninsu wajen zumunci da taimakon juna. Sai dai fada ba ta tashi sai an sha shayi na ɗaya, na biyu, na uku, shayin kuwa an dafa shi har ya yi ɗaci. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, wanda shi ne dai ke cikin goro da Nescafé, ba ya barin jiki da wuri: bayan awa 5 ko kusa da haka, rabinsa na nan cikin jini. Wanda ya kurɓi na farko da ƙarfe 10 na dare, har ƙarfe 3 yana tare da shi. Ko ya yi barcin, ba mai nauyi ba ne. Ga kuma wayar salula, wadda ta shiga ɗaki har ƙarƙashin matashin kai. Haskenta na jinkirta fitar melatonin, amma a ganina babbar ɓarnarta ita ce hirar WhatsApp da hotunan TikTok waɗanda ba su da ƙarshe. Sannan ga zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 da rana, bango kuma ya kwana yana amayar da wuta. Jiki ba ya shiga barci sosai sai ya ɗan huce, shi ya sa a bazara kowa ke juyi bisa tabarma.

Maganar ƴan mata dabam ce, kuma ba a cika yin ta ba. Yarinya ba ta zuwa fada, amma ita ce ke wanke-wanke bayan tuwon dare, ita ce ke fara tashi ta share gida, ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, wani lokaci har ta kai tallar koko ko ƙosai kafin ta ɗauki jakar makaranta. Darasinta ba ta samun duba shi sai gida ya yi tsit. Idan ta yi gyangyaɗi a aji, sai a ce ba ta da kai, a ce gara a yi mata aure. Yara nawa aka cire daga makaranta bisa wannan zargi, alhali barci kawai suka rasa?

Abin da rashin barci ke ci ba kaɗan ba ne. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma a cikin barci mai nauyi na farkon dare ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma. Don haka ɗan jarrabawar BEPC ko ta BAC da ke kwana ƙarƙashin fitilar titi yana haddar tarihi har asuba, yana zuba ruwa ne a kwando. Wanda ya ƙara da ƙwayar tramol don ya kore barci kuwa, ya ɗauko wa kansa wata cuta da ta fi faɗuwa jarrabawa. Rashin barci na kawo saurin fushi, mantuwa, da baƙin ciki mai daɗewa. Akwai kuma haɗarin hanya: wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya sha giya daidai iyakar da dokar tuƙi ta ƙasashe da dama ta hana a wuce. Sai mu tuna yawan samarin da ke bisa moto a titunanmu.

A wasu ƙasashe an taɓa lokacin shiga aji. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi kada makarantun sakandare su fara kafin ƙarfe 8 da rabi. Birnin Siyatil ya maido lokacin shiga lise daga ƙarfe 8 saura minti 10 zuwa 9 saura kwata a 2016, kuma masu bincike sun tarar ɗalibai sun ƙaru da barcin minti 34 kowane dare. Jihar Kalifoniya ta mai da abin doka, wadda ta fara aiki a 2022. A nan ƙasarmu wannan dabara ba za ta yi tasiri iri ɗaya ba, domin asuba ce ke tashe mu, kuma jinkirta aji na nufin tura yara cikin zafin rana. Namu gyaran yana wajen dare da tsakar rana.

Na farko dai, lokacin kwanciya ya zama guda, har ranakun Asabar da Lahadi, domin ramuwar barci har hantsi a ƙarshen mako tana ƙara dagula agogon jiki. Shayi a sha shi da rana, a bar shi daga la'asar. Waya ta kwana a ɗakin uwa ko na uba, kuma nan ne wuyar take, tunda uban da ke danna tasa har ƙarfe 1 ba shi da bakin magana. A lokacin zafi, wanka kafin kwanciya da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro suna taimakawa ƙwarai. Hasken safiya kuma na jawo agogon jiki gaba, saboda haka tafiya makaranta a ƙasa ba asara ba ce. Muna da ƙailula, wadda addini ya kwaɗaitar da ita tun kafin likitoci su yaba ta; minti 20 zuwa 30 bayan azahar sun isa, amma barcin da ya kai la'asar sakaliya zai ci na dare. Aikin gida kuwa a raba shi tsakanin maza da mata, musamman a shekarar jarrabawa.

Idan an yi duk wannan, yaro ya ci gaba da kasa barci har tsawon makonni, ko yana minshari mai ƙarfi numfashinsa na ɗaukewa, ko ya daina walwala ya ƙaurace wa abokansa, to a kai shi wurin likita. Kada a saya masa ƙwayar barci a hannun masu yawo da magani bisa tire.